Ƙaryar da Na Rubuta a Kan Kwalbar Dakashi

Gaisuwa gare ku, masu shirya wannan mujalla, da sauran ƴan'uwana masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da ya faru da wasu a wannan shafi, yau kuma na ga ya kamata in kawo nawa, ko da yake ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ina mace mai shekara talatin da ƴan kai, da mijina da ɗiya biyu, muna zaune a Dakoro. Aikina allurar dabbobi. Ban yi zurfi a karatun lakol ba, amma na samu horo a ofishin kiwo, aka ba ni jaka da sirinji da moto, ina zaga rugage da garuruwa ina yi wa tumaki da awaki rigakafi. Ina son aikin, kuma in faɗi gaskiya ina da ɗan ji da kai, don an san ni da cewa duk abin da aka sa ni sai na cika shi. Mahaifina dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro tun kafin a haife ni. Mutum ne mai raha, wanda in ya kalli kunnen tunkiya zai gaya maka daga garken wa ta fito. Sai ga shi ya fara mantuwa. Da farko carbi da hula, daga baya hanyar masallaci, har ranar da ya dube ni ya gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, ya tambaye ni ko ɗiyar wane ce. Mutane suka ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Da muka kai shi Maradi, likita ya ce ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da shi ba.

Ana nan sai wata likita, mace dattijuwa mai gilashi da yawan tambaya, ta zo Dakoro da wani poroje, wato shiri, na gwajin magani. Ta tara iyalan tsofaffi masu irin wannan ciwo ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ana tace wani abu daga dakashin tunkiya, wato nonon farko mai kauri, ruwan ɗorawa, da take fitarwa da zarar ta haihu, a mai da shi ƙwaya. Ta nanata cewa gwaji ne, ba ta yi wa kowa alkawarin warkewa ba, kuma ita kanta ba ta san ko zai yi aiki ba sai an gama. Muka yi shawara a gida, muka yarda aka rubuta Baba. Da ta ji aikina sai ta ce ai ni take nema, don ƙwayar ba ta samuwa sai da dakashi, dakashi kuma ba a sayen shi a kanti. Haka na shiga cikin mutum huɗu masu tarawa.

Sharuɗɗan suna da tsauri. Sai tunkiyar da aka yi wa rigakafi, wadda ba ta shan wani magani. Sai an tatsa cikin rabin yini da haihuwa, bayan ɗanta ya sha ya ƙoshi. A zuba a kwalba mai murfi, a rubuta a jikinta lokacin haihuwa da lokacin tatsa, a sa a akwatin ƙanƙara, a kawo firigo na ofis kafin ƙanƙarar ta narke. Daga nan mota ke ɗauka zuwa Maradi, daga can kuma a wuce da shi inda ake haɗa maganin, bayan wasu makonni ƙwayoyin su dawo mana.

Watannin farko daɗi muka sha. Kaka ce, tumaki sun ƙoshi, haihuwa ko'ina. Ina fita da sassafe in dawo da akwati cike, mata a rugage suna yi mani ba'a, wai tun da suke ba su taɓa ganin mai moto tana bin bayan tunkiya da kwalba ba. A gida kuma Baba ya fara shan ƙwayarsa. Ban san ko maganin ne, ko kuwa yawan zama da shi da muka koma yi ne, amma muka ga kamar ya ɗan natsu. Ya daina fita ba takalmi. Wata rana da hantsi ya kira jikarsa ya gyara mata ɗaurin akuya, yana yi mata faɗa cikin dariya cewa igiyar da ta ɗaura ko kaza sai ta kwance. Mahaifiyata ta shiga ɗaki tana share hawaye da gefen zane. Daga ranar na ɗora raina kacokan a kan waɗannan ƙwayoyi.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da nake nufi. Ciyawa ta ƙare, tumaki suka rame, wadda ta haihu ma hantsarta kamar tsumma, ɗanta bai ƙoshi ba balle a rage mana. Haihuwar kanta ta yi ƙaranci. In an kira ni daga nesa, kafin in ratsa rairayi in isa, rabin yinin ya wuce. Kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa, ƙanƙara na wuya a gari. Makiyaya kuma suka fara haramar tafiya arewa da zarar sun ji ƙamshin ruwa, inda moto ba ya kai ni. Likita ta kira mu ta ce in abin da muka tara bai kai wani ma'auni ba, masu haɗa maganin ba za su iya haɗawa ba, sai a dakata. Ba ta matsa mana ba, har ta ce kada wanda ya hana ɗan tunkiya rabonsa saboda mu. Amma ni da na koma gida na duba gwangwanin ƙwayoyin Baba, na ga abin da ya rage ba zai kai mu damina ba.

A wata ruga gabas da gari na yi abin. Na iske tumaki uku da suka haihu kwana uku da suka wuce, an ba su dussa sun ɗan yi nono. Nonon yana da sauran launin ɗorawa, in ba ka sani ba sai ka ce dakashi ne. Na tsuguna na tatsa, na cika kwalabe, na ɗauki biro na rubuta cewa da asubahin ranar suka haihu. Na gaya wa kaina cewa ai duk daga tunkiya ne, kuma kwana uku ba wani abu ba ne. Na sake yi a wani garke, na kuma sakewa. Cikin mako biyu ma'auni ya cika, abokan aikina suna ta sa mani albarka, ni kuma ina karɓa ina murmushi.

Abin da ban sani ba shi ne, a can wurin haɗa maganin ana juye kwalaben wuri ɗaya ne. Da suka auna suka ga abin da suke nema ya yi ƙaranci ƙwarai, ba su kuma san me ya gauraya da shi ba, sai suka zubar da shi duka. Har da na gaskiyar da sauran mutum uku suka sha rana suka tara, har da wanda matan rugage suka rage daga bakin ƴaƴan tumakinsu. Likita ta zo da kanta ta gaya mana. Ta ce ƙwayoyi ba za su zo ba, duk tsofaffin za su dakata har sai an sake tarawa. Ta ce tana zaton sanyin ajiyar kwalaben ne ya yanke a wani wuri. Nan take idanu suka koma kan wani abokin aikinmu, dattijo mai kula da firigo, wanda kowa ya san an ɗauke mashi kuran sau biyu a watan. Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ce mai yiwuwa laifinsa ne, a yafe mashi. Ina zaune kusa da shi na bar shi ya ɗauki laifina.

Kwana biyu na yi abinci ba ya shiga. A rana ta uku da la'asar ina zaune da Baba a gindin iccen bedi na ƙofar gida, ina yanke mashi farce. Ranar ya ɗauke ni ƙanwarsa ce, gwaggona da ta rasu tun ina yarinya, yana ta ba ni labarin kasuwa kamar jiya ya baro ta. Ya ce wani ya kawo mashi rago mai tari ya ce ya sayar kada ya faɗa, shi kuma ya ƙi. Na tambaye shi dalili, don in ja shi da hira kawai. Sai ya dube ni da mamaki ya ce, "Ke ma dai! Mutum ya zo daga nesa ya ce in zaɓa mashi, don ya san bai iya ba. In na cuce shi, wa zai zaɓa mashi?" Ya miƙo mani ɗaya hannun ya ci gaba da zancen wani raƙumi. Mutumin da ya manta sunana bai manta wannan ba. Na gama yanke farcen, na shiga na ɗauki mayafi.

Na iske likita a ofis tana haɗa takardu za ta koma. Na gaya mata komai a tsaye, ban zauna ba, na faɗi rugagen da ranakun. Ta cire gilashinta ta daɗe tana kallona. Na zaci za ta kira jandarma. Sai ta ce ta ji zafi ƙwarai, amma ta fi jin sauƙi yanzu da ta san dalili, don da ta tafi da zaton firigo ne, da an ɓata watanni ana gyaran abin da bai lalace ba. Ta ce dole ta rubuta abin da ya faru ta aika, kuma daga ranar ba zan ƙara rubutu a kan kwalba ni kaɗai ba. Sannan ta ce akwai mutanen da suka fi ta cancantar jin wannan magana daga bakina. Na fara da dattijon firigo. Da na gama, sai ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala da ƙarfi, ya ce kwana uku yana zagin firigon nan a banza, bari ya je ya ba shi haƙuri. Ina kuka ina dariya.

Iyalan tsofaffin sun fi wuya. Aka tara su a farfajiyar gidan likita, na tashi na faɗa. Wasu suka kau da kai. Wata tsohuwa daga garin Mai Yara, wadda mijinta ke cikin gwajin, ta wanke ni tas. Ta ce ita ma tana da mara lafiya, ita ma tana duba gwangwani kullum, wa ya gaya mani nawa uban ya fi nata mijin? Da ta huce sai ta jawo ni ta zaunar kusa da ita ta ce to, kuka ya isa haka, yanzu ina tumakin suke, don ita tana da biyu masu ciki a gida ba wanda ya taɓa tambayarta. Wani ya ce shi ma yana da ɗaya. Wata ta ce maƙwabciyarta na da huɗu. Muka dubi juna. Mun yi ta bin manyan garkuna a daji, alhali kusan kowane gida a garuruwanmu akwai tunkiya ɗaure a turke, tana cin dussa da harawa ko da bazara.

Amma wadda ta warware mana ƙullin gaba ɗaya wata Bafillatana ce tsohuwa, a wani mashekari kusa da garin Bader Gula. Na san ta tun ina zuwa yi wa tumakinta allura, uda ne masu rabin fari rabin baƙi, kuma Inna nake ce mata. Muka je da likita na ba ta labari, har da abin da na aikata. Ta saurara tana kaɗa nono a ƙwarya, ta gama ta ce mani ashe ƴar birni ba ta san tunkiya ba, in ba haka ba da na san nonon kwana uku ko a yatsa ba ya kama kamar dakashi. Sannan ta juya ga likita ta tambaye ta, tun da suka zo da wannan aiki, wa suka tambaya yaushe tunkiya ke haihuwa? Likita ta yi dariya ta ce takarda suka tambaya. Inna ta ce to takarda ba ta da rago. Ta yi mana bayani cewa su ne ke sakin raguna cikin garke lokacin da suka ga dama, su kuma tsare su in ba su so, don haihuwa ta faɗo lokacin ciyawa. In ana son haihuwa ta rarrabu a shekara, sai a ware wasu tumaki, a tabbatar masu da abinci da bazara. Kuma in maza sun tafi arewa da garke, masu tsohon ciki a bar su wurin mata da tsofaffi, dama tafiyar wahala ce gare su.

A kan wannan shawara aka sake gina aikin. Poroje ya kawo dussa da ƙwayar auduga don tumakin da aka ware. Aka sa ƙaramin firigo mai aiki da hasken rana a gidan likita na Bader Gula, majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, yana kula da shi, ba sai an yi tseren kai wa Dakoro ba. Aka koya wa mata tatsa da wanke hannu da rufe kwalba, mai tunkiya ta dangwala yatsa a takarda, mai ɗauka ya sa hannu, mutum biyu ke nan a kan kowace kwalba. Ni aikina ya koma ɗauka da kaiwa. In tunkiya ta haihu sai a yi mani bip a salula, in kira, in ji murya tana ihu cewa an sauka lafiya, mace ce ko tagwaye ne, kamar haihuwar mutum. Ba a jima ba gari ya laƙaba mani ungozomar tumaki. Ina wucewa ta tasha masu shayi na tambayata ko mai jego ta samu kunu. Mijina ya ce shi dai a riƙa gayyatarsa suna.

Watannin da tsofaffin suka yi ba ƙwaya su ne hukuncina na gaskiya. Baba ya koma fita ba takalmi, sau ɗaya har aka tsinto shi a bakin kasuwa yana neman rumfar da aka rushe shekaru da yawa. Likita ta ce ba za a iya cewa rashin ƙwayar ne ba, ciwon dama haka yake tafiya, amma zuciyata ba ta karɓi wannan sassauci ba. Tsohuwar Mai Yara kuwa ta mai da ni ɗiyarta. Duk ranar kasuwa sai ta biyo da ƙuli-ƙuli ta ba ni rahoton tumakinta, ta kuma tuna mani, ba tare da ɗaci ba, cewa tana sa mani ido.

Bayan damina ta kankama ma'auni ya cika, a wannan karo da dakashi na gaskiya tun daga kwalbar farko har ta ƙarshe. Da sakamakon awo ya dawo, likita ta kira ta ce masu haɗa maganin sun ce ba su taɓa samun mai kyau irinsa daga wurinmu ba. Ranar da ƙwayoyin suka iso, matan Bader Gula suka ce sai an kawo masu tsofaffin da suke yi wa wannan hidima su gan su. Aka ɗauki waɗanda ke iya tafiya a motar poroje. Ƙasa ta yi kore shar, gero ya kai ƙugu, tafkuna sun cika. Aka shimfiɗa tabarmi, aka dama fura da nono mai yawa, mata suka yi ta guɗa.

Baba ya sauka daga mota yana riƙe da hannuna, bai san inda yake ba. Sai tumakin Inna suka taso daga rijiya suka kewaye mu. Na ji hannunsa ya saki nawa. Ya shiga cikinsu, ya kama wata ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa bayanta, ya murza kunnenta, ya faɗi sunan zuriyar da ke yin irin wannan tsaga. Inna ta dafe ƙirji ta ce wallahi daga gidan kakanta tunkiyar ta samo asali. Nan suka tsaya su biyu suna ciniki na wasa, yana rage mata tana rantsuwa ba za ta sayar ba, jama'a na ta dariya. Can ya waiwayo yana nemana, ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana da shi tun ina ƙarama, ya ce in zo in riƙe mashi wannan kada ta gudu. Na fi shekara ban ji sunan nan ba. Na riƙe tunkiyar, na ɓoye fuskata a wuyanta.

Ba zan ce maku Baba ya warke ba. Yana nan da ransa, wata rana ya san mu, wata rana ya gaishe mu kamar baƙi, mu kuma mu amsa da fara'a mu gabatar da kanmu. Gwajin bai ƙare ba, likita ta ce har yanzu ba wanda zai iya cewa maganin na aiki ko ba ya yi. Na koyi zama da wannan rashin sani, kuma na ga gidanmu ya fi dariya yanzu fiye da lokacin da nake ƙirga kwanaki da gwangwani a hannu. An dawo mani da izinin rubutu a kan kwalba, amma ni na roƙa a bar tsarin mutum biyu yadda yake.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, na san akwai masu jinya da yawa da ke karanta wannan shafi, kuma na san yadda son mara lafiya ke rufe ido. A lokacin da nake rubuta ƙaryar nan ban ji kamar mai laifi ba, ji na yi kamar ɗiya ta gari. Wannan shi ne abin tsoron. Na ɗauka ni kaɗai ce mai uba, na kuma ɗauka in na ce abu ya gagara, mutuncina ya zube. Da na buɗe baki tun farko na ce dakashi ya yanke, ku taimaka, da tsohuwar Mai Yara da Inna sun ba mu amsa tun bazara, da ba a zubar da wahalar kowa ba, da tsofaffi ba su yi watanni suna jira ba. Masu kawo ayyuka garuruwanmu kuma, don Allah ku riƙa zama da masu dabbobin kafin ku tsara takardunku.

Ke kuma ƴar'uwata da aka ba amanar awo ko rubutu ko ɗaukar wani abu da ran mutane ya rataya a kai, a gidan likita ne ko a ruga, ranar ƙaranci za ta zo maki, kuma ba mai ganinki sai Allah. In abin da kika samu rabin kwalba ne, ki kai shi rabi, ki faɗa da bakinki cewa rabi ne.